Jawabin Ƙaddamar da Aikin Manhajar Tafiyar da Shari'o'i



Manhajar tafiyar da shari'o'i tsari ne na kwamfuta da ke bin ƙara tun daga ranar da aka shigar da ita har ranar yanke hukunci. Ita ke ba ƙara lamba, ta nuna alƙalin da aka miƙa wa, ta ajiye ranar da aka kai sammaci, ta rubuta kowane ɗage zama da dalilinsa. Idan an ɗaukaka ƙara, takardun su isa kotun gaba ba tare da an yi watanni ana neman fayil a kabad ba. Wannan taro na ƙaddamar da aikin gina irinta ne, da miƙa shi ga injiniyan da zai yi.

Najeriya ta jima a kan wannan hanya. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da shaidar da kwamfuta ta fitar. Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta kafa kwamitin fasahar sadarwa ƙarƙashin Mai Shari'a Kashim Zannah na Borno, kuma a 2020, lokacin annobar korona, babbar kotun Borno ta zauna ta intanet. Dokar Tafiyar da Shari'ar Manyan Laifuka ta 2015 kuwa ta wajabta sauraron shari'a kullum da zarar an gurfanar da wanda ake tuhuma, ta kuma taƙaita yawan ɗage zama. Kiyaye wannan da littafin rajista kaɗai abu ne mai wuya, shi ya sa mutum kan daɗe a gidan gyaran hali yana jiran shari'a.

Ɗaukar injiniya shi ne matakin da ya fi nauyi, kuma a nan ayyuka da yawa ke lalacewa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa ƙa'idar gasa a fili, jihohi ma suna da irin tasu. Amma arha ba ta isa hujja ba. Abin dubawa shi ne aikin da mutum ya taɓa yi, kuma ko yana tafiya har yau. Injiniyan kirki yakan fara da zama a ofishin magatakarda, ya ga yadda akawu ke karɓar kuɗin shigar da ƙara, ya bi masinja ya ga wahalar kai sammaci ƙauye. Wanda bai san rijiya ba, ba zai yanka wa guga igiya daidai ba.

Kotunan Arewa suna da buƙatun da manhajar da aka sayo daga waje ba ta san su ba. Kotunan Musulunci suna rubutu da Hausa, wani lokaci da Larabci, saboda haka dole manhaja ta karɓi ɓ, ɗ da ƙ, ta karɓi rubutun dama zuwa hagu. Dole ta gane cewa Muhammad da Mohammed na iya zama mutum ɗaya. Shari'ar gado kuma tana iya ɗaukar magada masu yawa, kowa da rabonsa. Sannan ga kotunan da ba wuta ba intanet. Tilas aiki ya ci gaba a can, bayanai su hau idan layi ya dawo.

Yarjejeniyar kanta tana buƙatar idon lauya. Ya kamata ta fayyace cewa asalin rubutun manhajar da duk bayanan da ke ciki mallakar kotu ne, don kada injiniya ya tafi da mabuɗi ranar da aka saɓa. Ta tanadi biyan kuɗi mataki-mataki bayan gwaji, da horar da ma'aikata, da gyara na shekaru bayan miƙa aiki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyin tsare sirrin mutane, balle a shari'ar aure da ta yara. Kowane canji a fayil ya bar sunan wanda ya yi da lokacinsa.

Ana roƙon gwamnati ta sa kuɗin kula da manhajar a kasafin kowace shekara, magatakarda kuma su buɗe wa injiniya littattafansu tun daga gobe.