Idan Jariri Bai Juya Kansa Ƙasa Ba: Jawabi Ga Mata Masu Zuwa Awon Ciki

'Yar'uwa mai juna biyu, wataƙila a wurin awo an gaya miki cewa ɗanki yana zaune, ko kuma yana gicciye, kika koma gida cikin damuwa. Wannan jawabi naki ne.

A yawancin lokuta jariri yakan juya kansa ya fuskanci ƙasa kafin naƙuda, wannan kuwa ita ce kwanciya mafi sauƙi wajen haihuwa. Amma kowane jariri da lokacinsa. A mako na 28 kusan jariri 1 cikin 5 yana zaune ne, ɗuwawunsa ko ƙafafunsa a ƙasa. Idan ciki ya kai lokacin haihuwa, 3 zuwa 4 ne kawai cikin 100 suke saura a haka. Saboda haka, muddin ba ki kai mako na 36 ba, babu abin da ake bukata gare ki illa ki ci gaba da zuwa awo a kan kari.

Wasu lokuta akan gano dalili: mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko ruwan da ɗan yake ciki ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko tagwaye ne, ko akwai ƙari a mahaifa. Sau da yawa kuma ba a samun dalili ko ɗaya. Ba aikin gida ne ya jawo ba, ba kuma yadda kike kwanciya ba ne.

Idan kin kai mako na 36 ɗan bai juya ba, za a ɗauki hoton ciki a tabbatar. Daga nan likita zai iya ba ki shawarar juya shi ta waje, wato ya ɗora hannuwansa a kan cikinki ya lallaɓa ɗan har kansa ya koma ƙasa. Ana yi wa mai cikin fari daga mako na 36, wadda ta taɓa haihuwa kuwa daga na 37. Akan ba da allurar sassauta mahaifa, a kuma saurari bugun zuciyar ɗan kafin aikin da bayansa. Yana da ɗan ciwo, kina kuma da ikon cewa a dakata. Akan yi nasara a kusan rabin matan da aka yi wa. Kimanin 1 cikin 200 kan bukaci tiyatar gaggawa nan take, shi ya sa ba a yin sa sai a asibiti. Mun san a gida akwai tsofaffi masu murza ciki da niyyar alheri, amma hannu ba ya ganin inda mabiyiya take, ba ya kuma jin zuciyar ɗa idan ta raunana. Kada ki yarda a yi miki wannan a ɗaki.

Idan bai juyu ba, akwai hanya biyu. A shekarar 2000 an buga sakamakon wani babban bincike da aka jagoranta daga Kanada, a kan mata sama da 2,000 a ƙasashe 26, wanda ya nuna cewa tiyatar da aka tsara tun da wuri ta fi tsare lafiyar jaririn da ke zaune a lokacin haihuwa. Tun daga nan asibitoci da yawa suka karkata ga tiyata. Sai dai ita ma tana da nata nauyi a kan uwa da kuma cikin da zai biyo baya, don haka wasu matan sukan haihu da kansu idan ɗan bai yi girma ainun ba kuma akwai ƙwararren likita a tsaye. Wanda yake gicciye har lokacin naƙuda kuwa, sai tiyata. Ki zo da maigidanki ranar da za a tattauna wannan, idan kuma Larabci yana ba ki wuya ki nemi tafinta, kada kunya ta hana ki tambaya.

Masu niyyar komawa Kano ko Maraɗi goyon ciki su sani cewa yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar mace bayan mako na 36, a shawarci likita kafin a yanki tikiti.

Sai abin da muke roƙon ki riƙe fiye da kome. Idan faya ta fashe alhali ɗan yana zaune ko gicciye, igiyar cibiya tana iya riga shi saukowa ta matse, jini ya daina isa gare shi. Kada ki jira naƙuda ta kankama, kada ki jira maigida ya taso daga aiki ya ratso cunkoson Riyadh. A kira motar asibiti ta lamba 997. Idan kin ji ko kin ga igiyar, kada ki tura ta ciki. Ki durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, har masu agaji su iso. Haka kuma ki zo nan take idan kin ga jini ko motsin ɗan ya ragu. Sauran tambayoyi marasa gaggawa, lambar Ma'aikatar Lafiya ita ce 937, dare da rana.