ƘULULUN JIJIYAR JINI A NONO DA YADDA LIKITOCI KE GANE SHI



Sanin kowa ne cewa sankarar nono ita ce ta fi kowace irin sankara addabar matan Nijeriya, kuma da yawa daga cikin masu fama da ita ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Saboda haka duk macen da ta shafa nononta ta ji ƙululu, hankalinta yakan tashi. To, amma ya kamata jama'a su sani cewa mafi yawan ƙululun da ake samu a nono ba sankara ba ne. Wannan jawabi zai yi bayani ne a kan wani iri guda daga cikinsu wanda ba a cika samunsa ba, watau ƙululun da ke tasowa daga jijiyoyin jini.

Mene ne wannan ƙululu?

Likitoci suna kiransa hemanjiyoma. Ƙananan jijiyoyin jini ne suke cunkushewa wuri ɗaya, su dunƙule, jini yana tafiya a cikinsu a hankali. Irinsa ne jan tabon nan mai tudu da akan gani a jikin waɗansu jarirai. A nonon babbar mace yawanci ƙarami ne, bai cika wuce santimita 2 ba, misalin faɗin babban yatsa ke nan, kuma yakan zauna kusa da fata. Sau da yawa ba ya ciwo, har ma mai shi ba ta sanin da shi sai an ɗauki hotonta saboda wani dalili dabam. Ba ya yaɗuwa zuwa sauran jiki.

Akwai kuma wata larura mai suna ciwon Mondo, wadda wani likitan fiɗa na ƙasar Faransa, Henri Mondor, ya bayyana a 1939. A nan jini ne ke daskarewa a jijiyar da ke ƙarƙashin fatar nono, sai mace ta ji wani abu miƙe kamar igiya, mai zafi idan an taɓa. Galibi yakan warke da kansa cikin 'yan makonni.

Dalilin da ya sa ake bincike

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai wata muguwar sankara mai suna anjiyosakoma wadda ita ma daga jijiyoyin jini take tasowa. Ba ta kai kashi 1 cikin 100 na sankarar nono ba, amma tana saurin girma, tana kuma yaɗuwa. Takan kama mata masu ƙuruciya, ko kuwa ta ɓullo bayan shekaru a nonon da aka taɓa gasawa da haske don maganin sankara. A farkonta tana iya kama da ƙululu mara lahani, hannun likita kaɗai kuwa ba zai iya rarrabe su ba. A nan ne na'urorin ɗaukar hoto suke amfani.

Na'urorin da ake aiki da su

Na farko shi ne mamogiram. Hoto ne da ake ɗauka da hasken nan da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, irin wanda ake duba karaya da shi, amma kaɗan ƙwarai ake sakarwa. Ana matse nono tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙululun jijiya yakan fito kamar ƙwai, gefensa sumul, wani lokaci da ɗigo-ɗigon fari inda jini ya daskare ya ƙandare. Sankara kuwa sau da yawa gefenta ba ya daidaita, yakan yi tsika-tsika. Sai dai nonon mace mai ƙuruciya yana da tauri, hoton ba ya fita sarai.

Na biyu shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Wannan da amon sauti yake aiki, ba da haske ba, don haka ba ya cutar da mai ciki ko mai shayarwa, kuma da shi ake fara duba 'yan mata da matan da ba su manyanta ba. Yana nuna girman ƙululu, da zurfinsa, da ko ruwa ne a ciki ko tsoka. Akwai kuma wata dabara a cikinsa mai suna Dofla, wadda ta samo suna daga Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana ƙa'idarta a 1842. Ita ce ke nuna gudun jini da launin ja da shuɗi. A ciwon Mondo ana ganin jijiyar ta cika, babu jini mai wucewa, kuma ba ta lotsawa idan an danna. A hemanjiyoma kuwa jinin yana tafiya a hankali ƙwarai, har na'urar takan kasa ganinsa.

Na uku ita ce na'urar maganaɗisu, wadda ake kira MRI. Ana yi wa mace allurar wani ruwa a jijiya, sa'an nan a duba yadda ƙululun ke shan ruwan da yadda yake sakinsa. Tana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci ake samunta, saboda haka ba a neman ta sai sauran hotuna sun bar shakka.

Idan hoto bai wadatar ba

Hoto jagora ne, amma hukunci na ƙarshe yana ɗakin awo. Likita yakan kashe zafin wurin, ya sa allura ta musamman yana kallon sikanin, ya ɗebo ɗan nama kaɗan a duba shi a madubin likita. Wannan awo ba ya haddasa sankara, kuma ba cire nono ba ne. In sakamako ya dace da abin da hoto ya nuna, ana iya barin ƙululun a riƙa duba shi lokaci lokaci. In kuwa babba ne, ko yana ƙara girma, ko sakamakon ya saɓa wa hoto, sai a yi ƙaramar fiɗa a cire shi.

Kira ga jama'a

Duk macen da ta ji ƙululu, ko ta ga fatar nononta ta yi shuɗi ko ja kamar an buge ta alhali ba ta bugu ba, ko ta ga jini yana fita daga kan nono, to ta garzaya asibiti mafi kusa. Daga can za a tura ta inda akwai na'ura, kamar asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Ibadan da Legas, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Kada a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan ƙululu, gama idan na jijiya ne jini yana iya ɓallewa. A adana hotunan da aka ɗauka, a riƙa zuwa da su kowane lokaci, domin da tsohon hoto likita ke auna ko abu ya girma.

Ana kuma roƙon magidanta su ba iyalinsu izini da kuɗin mota tun da wuri, kada kunya ko tsoro su sa a ɓoye ciwo har ya gagara.

Allah ya ba kowa lafiya, amin.