Gidan da Babu Ƙofa: Gwamnati a Matsayin Mai Gidan Haya a Ƙauyukan Aborijin na Ostiraliya



A tsakiyar hamadar Ostiraliya, kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da garin Alice Springs, akwai wani ƙauye da ake kira Santa Teresa, mutanensa 'yan ƙabilar Arrernte kuma suna ce masa Ltyentye Apurte. A shekarar 2016 magidanta 70 na ƙauyen suka kai gwamnatin Yankin Arewa na ƙasar ƙara, da jerin gyare-gyare sama da 600 da aka ƙi yi musu. Cikinsu akwai wata dattijuwa, Madam Young. Ba zan ambaci sunanta na yanka ba, domin ta rasu, kuma a al'adarsu ana kauce wa sunan mamaci. Ta yi wata 68 tana zaune a gidan gwamnati, tana biyan haya, alhali ɗaya daga mashigan gidan babu ƙyaure. Shekara biyar da wata takwas ke nan, a inda sanyin dare kan daskarar da ruwa, da rana kuma zafi kan wuce digiri 40.

Gwamnati ba ta ba da haƙuri ta sa ƙofa ta yi shiru ba. Ta yi ta jan shari'ar daga kotu zuwa kotu, tana gardama a kan abin da ya sa gida ya cancanci zama: shin ya isa a ce ba zai kashe mutum ko ya ji masa rauni ba? A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta ce bai isa ba, dole a duba ko mazauni yana samun sukuni daidai gwargwado. Ranar 1 ga Nuwamba 2023 kotun ƙoli ta ƙasar ta ƙara da cewa ɗan haya yana da haƙƙin diyya a kan baƙin ciki da ɓacin ran da rashin gyara ya jawo masa. Madam Young ba ta ga ranar ba.

Tambayar da wasu 'yan Ostiraliya ke yi ita ce: me ya sa gwamnati za ta gina wa mutum gida a dokar daji? A 2014 gwamnatin jihar Ostiraliya ta Yamma ta ce ƙauyuka har 150 na iya rufewa bayan tarayya ta janye kuɗin ruwa da wutarsu, shekara ta kewayo Firaminista Tony Abbott ya ce zama a irin waɗannan wurare zaɓin rayuwa ne da bai kamata masu biyan haraji su yi ta ɗaukar nauyinsa ba. Tarihi bai goyi bayansa ba. Da yawa daga ƙauyukan nan ba Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, ne suka kafa su ba. Sansanoni ne na mishan da na hukuma inda aka tattara mutane bayan makiyaya Turawa sun mamaye ƙasarsu da rijiyoyinsu. Santa Teresa kanta 'yan mishan Katolika ne suka kafa ta a shekarun 1950. Da aka fara biyan Aborijin makiyaya albashi daidai da na farar fata a 1968, masu gandun shanu suka sallami da yawansu, su ma suka kwararo sansanonin. Wanda ya tara mutane wuri ɗaya, ba shi zai dawo yana tambayarsu abin da ya zaunar da su ba.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan kusa. Dokar filaye ta 1976 ta mayar wa Aborijin kusan rabin ƙasar Yankin Arewa, yankin da ya fi Najeriya faɗi amma mutanensa ba su wuce kimanin 250,000 ba. Filin na al'umma ne, ba a sayar da shi, banki kuwa ba ya son ba da rance a kan abin da ba zai iya ƙwacewa ya sayar ba. Saboda haka babu kasuwar gidaje, babu dillali, babu attajirin da zai gina ya ba da haya. Da can ƙananan hukumomin ƙauyukan ne ke riƙe da gidajen, da ɗan abin da ake yaga musu. A 2007 gwamnatin tarayya ta John Howard ta kutsa da dokar gaggawa, ta karɓi hayar ƙauyukan ta tilas na shekara biyar. Daga baya aka ce duk ƙauyen da ke son sababbin gidaje sai ya sa hannu a hayar fili ta shekara 40. Suka sa. Daga nan gwamnati ta zama mai gida, ta shiga karɓar haya. Ita ta ɗebo da zafi.

Kuɗi an zuba, ba a musu. A 2008 tarayya ta ware dala biliyan 5.5 na Ostiraliya don shekara goma. Shirin ya ƙare a 2018, aka koma jefa wa juna ƙwallo tsakanin tarayya da jihohi a kan wanda zai ɗauki nauyin gidajen. A Maris 2024 Firaminista Anthony Albanese ya sanar da dala biliyan 4, a gina gidaje har 270 kowace shekara na tsawon shekara goma, da nufin rage cunkoso da rabi. Har zuwa lokacin fiye da rabin gidajen ƙauyukan yankin a cunkushe suke.

Ina so ku ga abin da cunkoso ke nufi. Gida mai ɗaki uku, mutum goma sha biyar ko fiye, bayi ɗaya, famfon wanka ɗaya. Abin da aka ƙera don mutum biyar yana aikin mutum goma sha biyar, ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri kuma yana cinye bututu da tukunyar ɗumama ruwa. Famfo ya mutu, mai gyara yana Alice Springs, ba zai tuƙo awa uku don famfo ɗaya ba, sai ayyuka sun taru. Kafin su taru yara sun daina wanka. Ƙazuwa ta kama su, ƙuraje suka ruɓe, ƙwayar cutar ta shiga jiki, bayan shekaru ta lalata zuciya. Wannan ciwon zuciya ya zama tarihi a Sidni da Melbon, amma a ƙauyukan nan ana yi wa yara allurar fenisilin duk mako huɗu, shekara da shekaru. Amosanin ido, wanda mu nan Arewacin Najeriya muka san shi sarai, Ostiraliya ta shafe shekaru a matsayin ƙasa ɗaya tilo cikin masu arziki da ya dami jama'arta. Wutar lantarki kuma ta mita mai kati ce, irin tamu: kati ya ƙare, fanka ta tsaya, maganin ciwon suga ya lalace a firji.

Ana yawan cewa ai su ne ke farfasa gidajen. Ƙungiyar Healthabitat, wadda marigayi Paul Pholeros, masanin zanen gini, yake cikin waɗanda suka kafa ta, ta shiga dubban gidaje tana gwada famfo da soket ɗaya bayan ɗaya, tana gyarawa tun ranar farko. Abin da ta tarar shi ne ɓarnar mazauna da wuce gona da iri wajen amfani ba su wuce kashi goma cikin ɗari na lalacewar ba. Sauran duk rashin gyara a kan kari ne da algus tun wajen gini. Laifi tudu ne.

A ganina nan ne gizo ke saƙa. Sabon gida yana da ranar buɗewa, da minista da masu ɗaukar hoto. Canjin robar famfo ba shi da kowa. Shi ya sa kasafin gini ke samun biliyoyi, na gyara kuma a bar shi sai abu ya mutu an kai ƙorafi. Yarjejeniyar 2024 ta zo da sabon abu guda: majalisun filaye huɗu na Aborijin da ƙungiyarsu ta gidaje suna cikin masu sa hannu. Ni dai ba adadin gidajen zan riƙa ƙirgawa ba. Zan duba ko an koma zagayen gyara na ƙa'ida, gida bayan gida, ko an kai kuka ko ba a kai ba, kuma ko wanda ke riƙe da sifana ɗan ƙauyen ne da ake biyan albashi, ba ɗan kwangilar da ke lissafin kilomita daga gari ba.