DANJA



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Wurno ko Goronyo da dare ya san danja, wato jar fitilar nan ta bayan mota. Daga Turanci muka aro kalmar, inda take nufin hatsari, mu kuwa muka raɗa wa fitilar sunan. Amma a Turancin dā ma'anarta ita ce ikon maigida a kan baransa. In an ce mutum yana cikin danjar wane, to, yana hannunsa ke nan, sai yadda ya ga dama da shi.

Mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Tun suna tsibirin Karita Bulus ya kunna wa mutanen jirgi danja, amma jarumin ya fi yarda da maganar matuƙi da mai jirgin. Kwana 14 guguwa tana jifa da rayuka 276. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, sa'ad da ruwan Rima ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo, sun san irin wannan tsoro. Bulus kuwa ya san hannun da yake ciki. Ya shaida musu shi na Allah ne, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya ci a gabansu, ga hatsarin bai ma wuce ba tukuna.

Bari mu yi addu'a saboda masu ƙetare Rima a kwalekwale ran kasuwa.