Awon sauƙin harshe a takardun gwamnati

A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayyar Amurka rubuta wa jama'a takardu cikin sauƙin harshe. Doka kam ta zauna. To, da me za a auna ko tana aiki?

Ƙirga ma'aikatan da suka halarci bita abu ne mai sauƙi, amma ni bai gamsar da ni ba. A miƙa wa tsohon soja wasiƙar haƙƙoƙinsa, ya karanta sau ɗaya, a ce ya faɗi abin da ake so ya yi. In ya tsaya juya takarda yana sosa ƙeya, da sauran aiki. A kuma duba ko masu bugo waya neman ƙarin bayani sun ragu, da yawan fom ɗin da aka mayar saboda kuskure. Waɗannan alƙaluman ne ya kamata hukumomi su riƙa fitarwa duk shekara.