ZAƁEN KAYAN GINI: TUN RAN GINI, RAN ZANE

Jawabin da wani jami'in Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ya yi wa magina, 'yan kwangila da masu niyyar gina gidaje a Kuru, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, Jihar Filato.

 

Ran Asabar 12 ga watan Yuli 1924 ba ta da wani tarihi a wurinmu, amma Jumma'ar 12 ga Yuli 2024 babu mutumin Filato da zai manta da ita. A safiyar ranar ne wata makaranta mai bene ta rufta a unguwar Busa Buji cikin birnin Jos, yara suna cikin aji. Mutum 22 suka rasu, fiye da ɗari kuma suka ji rauni. Da masanan Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, watau NBRRI, suka duba ɓaraguzan, binciken farko ya nuna musu raunin kankare, da ƙarancin girman harsashi, da rashin ɗaura rodin bene yadda ya kamata. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ba ya gani bayan an shafe bango an yi fenti. Saboda haka abin da na zo in gaya muku yau ɗaya ne: ranar da mutum ya sayi kayan gini, ranar ce ya yanke wa gidansa hukunci, ko ya tsaya ko ya faɗi.

ƘASA DA YANAYI

Kafin a sayi ko da buhu ɗaya na siminti, lalle ne a san irin ƙasar da za a ɗora ginin a kanta, da irin yanayin da zai zauna a ciki. Kayan da suka dace da Sakkwato ba lalle ne su dace da Kuru ba. Nan muna kan tudu wanda ya kai wajen mita 1,200 bisa teku. Damina takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuwa yakan zo da iska, wani lokaci har da ƙanƙara. Sanyin Disamba da Janairu kuma ba sai na ba ku labarinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙasar nan. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a Bukuru da Kuru da Barikin Ladi da kewaye, aka bar kududdufai da ramuka da tarin ƙasa. Fili da yawa da kuke gani a shimfiɗe, ciko ne. Ƙasar ciko takan zauna sannu a hankali, in ta zauna kuwa sai bango ya tsage. Wanda zai yi gini a irin wannan wuri ya tambayi dattawan unguwa tarihin filin, sa'an nan ya sa a haƙa har a tarad da ƙasa ta asali. In bene ne, sai injiniya ya gwada ƙasar tukuna.

SIMINTI

Siminti shi ne abin da ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. Babban abokin gabansa laima. Manya a cikinku za su tuna da shekarar 1975, lokacin da aka yi odar siminti fiye da kima, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko wata da watanni, har wani simintin ya daskare tun bai sauka ba. Yau muna da masana'antunmu a gida, kamar ta Ashaka a Jihar Gombe wadda ta fara aiki a 1979, da ta Gboko, da ta Obajana, da ta Sakkwato. Amma abin da ya sami siminti a cikin jirgi yana iya samunsa a cikin shagon unguwa.

Cikakken buhu kilo 50 ne. A duba bakinsa, kada ya zama an farke an sake ɗinkewa, domin akwai masu rage buhu. A sa hannu ciki: simintin kirki laushi gare shi kamar gari, da ɗan sanyi. In an ji dunƙule wanda yatsa ba ya murƙushewa, ruwa ya riga ya taɓa shi, kada a sa shi a ginshiƙi ko bene. A ajiye buhuna bisa katako, nesa da bango, kada a jibga fiye da goma, a kuma yi amfani da su cikin wata uku. A jikin buhu za a ga lamba, 32.5 ko 42.5. Lambar ƙarfi ce. Ta farko ta isa ga shafe da ɗaura bulo, ta biyu ita aka fi so ga aikin da zai ɗauki nauyi.

YASHI DA TSAKUWA DA RUWA

Mutane sukan raina yashi don ba shi da tsada, alhali kuwa ya fi siminti yawa a cikin kwaɓi. Yashi mai laka yana hana siminti kamawa. Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida: a zuba yashi cikin kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye sa'a uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta bisansa. In kaurin lakar ya doshi kashi ɗaya cikin goma na tsawon yashin, a wanke shi ko a mayar wa mai tifa abinsa.

A nan ina so in ja kunnenku game da yashin da ya rage a wuraren wankin kuza. Yana da kyau a ido, ga shi kusa, sau da yawa kyauta ne. Amma masana sun gano cewa dusar kuza tana ɗauke da waɗansu ma'adinai, kamar monazayit, masu fitar da wani irin tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, yana kuwa cutar da jiki in an daɗe tare da shi. Ɗakin da aka shafe da irin wannan yashi, a ciki yara za su kwana shekara da shekaru. A nemi yashin rafi mai tsabta.

Wajen tsakuwa kam, Allah ya yi mana arziki. Duwatsun da suka kewaye Kuru suna da ƙarfi, fasasshen dutsensu kuma ya fi tsakuwar da ake tsincewa a gefen hanya, domin yana da kaifi, siminti yana kama shi sosai. Ruwa kuma, ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka kwaɓa kankare da shi.

Kwaɓin da aka saba da shi ga ƙananan gine-gine shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da mudu ɗaya ake auna su duka. Lebura yakan so ya ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin juyawa, amma yawan ruwa rage ƙarfi yake yi. Bayan an zuba kankare, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu sa'ad da iska ke busar da kome. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Mai gaggawar cire katakon da ya tallafi bene yana wasa da rayuka.

BULO DA RODI

Bulo iri biyu aka fi sani, mai inci 9 da mai inci 6. Na farko shi ne na bangon da ke ɗaukar nauyi, na biyu na raba ɗakuna. Ha'incin da ya fi yawa a sana'ar bulo shi ne a ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar. Kada kyan fuska ya ruɗe ku. A murza gefen bulo da babban yatsa, in yana zuba kamar gari, a bar shi. A ɗaga ɗaya zuwa ƙugu a sake shi bisa ƙasa mai tauri, na kirki ba ya wargajewa. A tambaya kuma yaushe aka buga shi, kwana nawa aka ba shi ruwa. Ɗanyen bulo ba kayan gini ba ne tukuna.

Rodi shi ne ƙashin bene. Abin baƙin ciki, akwai rodin da sunansa milimita 12 amma jikinsa bai kai ba. Ma'auni ba ya ƙarya. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa ya kusa kilo 11. Mai milimita 16 kuwa ya kusa kilo 19. In an ɗora bisa sikeli aka ga ya gaza da yawa, an rage shi. A lanƙwasa guntu a gani, na kirki yana tanƙwaruwa ba tare da ya tsage ba. Wajen zuba kankare kuma, a tabbata ya lulluɓe rodin ta kowane gefe da kaurin da ya kai inci ɗaya, in ba haka ba ruwa zai isa gare shi, tsatsa ta ci shi daga ciki. Girman rodi da yawansa ba shawarar mai gida ba ce, ba kuma ta birkila ba. Lissafin injiniya ne.

KATAKO DA KWANO

Ɗanyen katako yana araha, amma in ya bushe bisa rufi sai ya karkace, ƙusa ta saki. A sayi busasshe, a shafa masa maganin gara kafin a ɗora. Kwano kuma a duba kaurinsa, domin siririn kwano ba ya jure ƙanƙarar Filato, iskar farkon damina kuwa takan naɗe shi kamar tabarma. A ɗaure katakon rufi da jikin bango da ƙarfe, a bar lebe mai faɗi don ya kare bango daga feshin ruwa. Wanda ke da tsohon rufi ko silin na asbesto kada ya fasa shi ko ya yanka da zarto, ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu.

KAYANMU NA GIDA

Kada wani ya ɗauka cewa gini sai da siminti. Duk wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga wurin da aka keɓe don gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da tubali da azara. Kakannin Birom na ƙasar nan su ma da jar ƙasa da ciyawa suka yi ɗakuna masu riƙe ɗumi da sanyi. Ginin ƙasa abu biyu yake bukata: tushe na dutse wanda zai raba shi da laima, da rufi mai lebe wanda zai raba shi da ruwan sama.

A yau akwai injin hannu da ke matse jar ƙasa da aka gauraya da siminti kaɗan, misalin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ya fitar da bulo mai kyau wanda ba ya bukatar shafe. Akwai jan bulo na gashi, irin wanda mutanen Jos suka sani da na Naraguta. Akwai dutse, ga shi ko'ina. Har tokar tsofaffin duwatsu masu aman wuta na wajen Kerang da Panyam, masana sun nuna ana iya niƙa ta a maye gurbin wani kashi na siminti da ita. Mai ƙaramin ƙarfi da ya gina ɗaki uku na ƙasa masu inganci ya fi wanda ya ɗaga bene da ruɓaɓɓen bulo. Daidai ruwa, daidai tsaki.

HAKKIN KOWA

Gwamnati ta kafa hukumomi don wannan aiki. Tun 1970 aka kafa majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi, a 1971 aka kafa hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a 2006 kuma aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. A nan yankin Jos, hukumar raya birni ta JMDB ita ke amincewa da zanen gini. Amma ma'aikacin gwamnati ba ya tsaye a kan kowane kwaɓi. Mai gida ne ke nan, da magini, da mai sayar da kaya.

Saboda haka, mai gida, kai zanenka a amince da shi kafin ka haƙa harsashi. Kada ka ƙara bene bisa ginin da ba a shirya shi don bene ba. In ɗan kwangila ya kawo maka farashin da ya gaza na kowa da nisa, tambaye shi a ina zai rage, domin araha ba ta ado. Kai kuma magini, in mai gida ya ce ka rage siminti, ka gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji ka ajiye cokalinka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku kuma iyaye da shugabannin unguwa, in kun ga tsaga tana buɗewa a bangon makaranta ko coci ko masallaci, ko ƙofa ta soma ƙin rufuwa, ko kankare yana ɓarewa rodi ya bayyana, ku fitar da mutane, ku kai rahoto ga hukuma a ranar.

Ina roƙon kowa ya isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya ba iyayensu haƙuri, ya sa mu gama lafiya.