Jawabin Shugaban Sashe a Bikin Buɗe Sabon Ɗakin Gwaje-gwajen Kemistiri

 

Masu shirya taro sun ja mini kunne kada in tsawaita, don haka zan tsaya kan gwajin da ɗalibanmu za su fara yi a ɗakin nan.

Buromin ruwa ne ja mai duhu, warinsa na shaƙe maƙogwaro. Wani Bafaranshe, Antoine Balard, shi ya tace shi daga ruwan gishiri a 1826. In aka ɗiga shi kan sinadarin alkin, mai ɗauri biyu tsakanin ƙwayoyin kabon, nan take jan zai ɓace. Wannan ko ɗan sakandare ya sani. Abin ɗaure kai shi ne mazaunin ƙwayoyin buromin guda biyun bayan sun kama: galibi ɗaya ta wannan fuska, ɗaya ta waccan.

A 1937, Irving Roberts da George Kimball na Jami'ar Columbia a Amurka suka warware matsalar, alhali ba su ga komai da ido ba. Hujjarsu ita ce, da ƙwayar farko kabon ɗaya ta kama, da ɗaurin ya samu sakewa ya juya, a samu gauraye. Tunda ba a samu ba, to ta yi gada ke nan kan kabon biyun, ta toshe fuskar, dole ta biyu ta zagayo ta baya. Sai bayan shekaru kusan talatin George Olah, wanda ya ci kyautar Nobel a 1994, ya kama irin wannan gada a cikin asid mai tsananin ƙarfi. A ganina, kaɗan ne cikin darussan kemistiri suka kai wannan kyau.

Ku ɗalibai, ba za ku gaskata don malam ya faɗa ba. Za ku zuba buromin kan wani alkin mai suna tarans-sitilbin, fararen ƙyalƙyali su kwanta a gindin kwalba, ku tace, ku shanya, ku cusa ɗan kaɗan a siririn bututun gilashi, ku ɗora kan na'urar dumama. Da ta fuska ɗaya buromin ya shiga, da kun samu tagwayen sinadarai masu kama da hannun dama da na hagu, masu narkewa a wajen digiri 114. Naku zai yi tsayin daka har kusan 240. Ma'aunin zafi ne alƙali.

Iyaye, ku kwantar da hankalinku: garin firidiniyam tiraiburomaid, mai sakin buromin a cikin kwalba, za su auna, ba ɗanyen buromin ba, kuma a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Wanda ya zo ba tabarau da farar riga, a bakin ƙofa zai tsaya, ko ɗan wane ne.

Mun daɗe muna zana wannan gada da alli a kan allo.  Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, bismillah, a yanke ƙyalle.